Aku Mai Magana Da Yaranmu Na Kurmi



Ran nan a unguwarmu ta Sabo, Ibadan, wani maƙwabcina ya ƙwace littafin Harry Potter daga hannun 'yarsa, wai sihiri ne zalla. Na fahimci tsoronsa, amma gaskiya ban goyi bayansa ba.

Mu da me muka tashi? Da Gizo da Ƙoƙi da Dodo. A Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, aku ne ke zuba wa ɗan sarki labarai don kada ya fita daga gida. A Ruwan Bagaja kuwa har da aljannu. Wa ya bar salla saboda haka?

Ni abin da ke damuna daban ne. Yaranmu Yarabanci suke yi a titi, Turanci a makaranta, Hausa kuwa sai wajen aike da faɗa. Alhali harshen da ya ba yaro mamaki shi yake riƙewa.

Don haka duk mai zuwa gida ya sayo musu Magana Jari Ce tsaraba, a riƙa karantawa tare bayan isha'i.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.