A daina yi wa wayar mutane filashin kan laifin rauta!

Jama'a, yau da 'yan uwana masu gyaran waya nake, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Shekaranjiya wani dattijo mai aiki a wata masana'antar fata a Challawa ya zo shagona a nan Zawaciki. WiFi na gidansa yana kamawa, amma intanet ba ya tafiya. Ya kai wayar wani shago, aka yi mata filashin, aka karɓi kuɗinsa. Hotunan marigayiya mahaifiyarsa duk sun tafi. Na ce, "Baba, a kawo mini rautar." Ashe data ce ta ƙare a layin da ke ciki. Haba jama'a!

Rauta ita ce ƙofar gida, duk wayoyi ta nan suke fita intanet. In an kulle get ɗin kamfani a Sharada ma'aikata suka tsaya cirko-cirko a waje, wa zai ce ƙafafunsu ne suka karye?

Wasu za su ce ai filashin yana gyara abubuwa da yawa. Gaskiya ne, amma shi ne matakin ƙarshe. Kafin nan a bi waɗannan:

1. Haɗa wata wayar da WiFi ɗin. In ita ma ba ta tafiya, wayarka lafiyarta ƙalau.

2. Buɗe burauza ka rubuta adireshin rautar. Galibi yana jikin takardar da aka manna mata, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. In shafin ya buɗe, tsakaninka da rauta babu matsala, can gaba take.

3. Cire layin ka sa a waya. Danna *323# ka ga sauran data, *996# kuma ka duba ko an haɗa shi da NIN. Mutane suna mantawa layin rauta ma ana rufe shi.

4. Rubuta 1.1.1.1 a burauza. In ya buɗe amma google.com ya ƙi, matsalar DNS ce, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba. Canza shi zuwa 8.8.8.8.

5. In waya ta maƙale tana neman adireshin IP, wataƙila rautar ta cika. Ƙananan MiFi da yawa waya 10 suke ɗauka. Canza fasawod, maƙwabta su huta.

Ku ma masu waya, ku daina soka allura a ramin risetin. Yana goge suna da fasawod da saitin da aka yi. Kashewa da kunnawa daban, risetin daban.

Duk wannan bai kai minti 10 ba. Mai gyaran da ya tsallake shi ya wuce filashin, ko bai iya aikin ba, ko kuɗinka kawai yake so. Waya amana ce a hannunmu. Wanda ya ji haushi ya gyara aikinsa.

Allah Ya ba mu halaliyarmu.