WAI FANTASI DA KUƊI A CIKI BA CACA BA CE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan'uwa matasa, duk shekara da zarar watan Agusta ya kama, sai ka ga saƙonni sun fara yawo a wayoyinmu daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, wai an buɗe gasar Fantasi, mai son shiga ya turo naira dubu biyu ko dubu biyar, wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen kaka ya kwashe. In ka ce a ji tsoron Allah, wannan ai caca ce, sai a taso maka a ce kai baƙauye ne, ba ka san yadda abin yake ba. To ni na san yadda abin yake, domin ni na buɗe irin wannan gasa a shekarar 2021, ni na riƙe kuɗinta, kuma ni na kwana a ciki. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka ku ba ni aron kunnuwanku.

Ga wanda bai sani ba, Fantasy Premier League wasa ne da masu gasar Firimiya ta Ingila suka buɗe a intanet. Za a ba ka fam miliyan 100 na ƙarya, ka sayi 'yan wasa 15 na gaske: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma kada ka ɗauki fiye da mutum uku daga ƙungiya ɗaya. Duk abin da ɗan wasanka ya yi a fili, sai a rubuta maka maki. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya taimaka aka ci 3, jan kati kuwa a zabtare maka 3. Wanda ka naɗa kyaftin ana ninka makinsa. Kowane mako kana da damar canza mutum ɗaya kyauta, in ka wuce abin da kake da shi sai a cire maka maki 4 a kan kowane ƙari. Ana rufe ƙofa saura sa'a ɗaya da rabi a fara wasan farko na makon. Haka za a yi ta yi har mako 38.

Asalin abin ma ba daga ƙwallon ƙafa ya shahara ba. A shekarar 1980 wani ɗan jarida mai suna Daniel Okrent da abokansa suka tsara shi a birnin New York na Amurka, a kan wasansu na besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki. Su ma tun ranar farko da kuɗi a tsakaninsu. Sai dai a yi adalci: shiga Fantasi ta Ingila kyauta ce, ba a karɓar ko kwabo. Mu ne da hannunmu muke buɗe zaure a WhatsApp, mu yanka wa junanmu kuɗi, mu naɗa ma'aji. A nan gizo ke saƙa.

Mu arba'in ne a tamu gasar, yawancinmu abokan karatu tun daga sakandare da Islamiyya, wasu a Ƙanƙara, wasu a Faskari, wasu a Sabuwa, sai 'yan kaɗan da ke karatu ko neman kuɗi a Kano da Katsina da Zariya. Kowa naira dubu biyu, ya kama dubu tamanin. Da na buɗe ta, cewa na yi don a raya zumunci ne, tunda hanya ta yi wuyar bi, ba ma iya ziyartar juna kamar da. Allah ya sani niyyar ke nan. Amma ku ji abin da zumuncin ya zama.

Ba a yi mako uku ba rigima ta fara. Mutum bakwai ba su biya ba, suna cewa sai an sayar da masara. Da na lura da kyau sai na ga duk wanda makinsa ya yi sama yana saurin biya, wanda ya yi ƙasa kuwa ya daina ɗaukar wayata. Ke nan mutum ya shiga ne da sharaɗin in ya ci ya karɓa, in an ci shi ya gudu. Sannan aka gano wani ya shigo da ƙungiya biyu, ɗaya da sunansa ɗaya da sunan ƙanensa da bai ma san me ake ciki ba. Da aka tuhume shi sai ya rantse da Allah. A kan naira dubu biyu, ɗalibin da muka yi haddar Arba'una Hadisi tare ya yi rantsuwar ƙarya. Tun a nan ya kamata in gane, amma ban gane ba.

Ana wata ga wata. A watan Satumba na 2021, cikin matakan yaƙi da 'yan bindigar daji, aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, kuma namu uku duk suna ciki. Dama an riga an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan zance ne na wata rana. Abin da ya shafi gasarmu shi ne mutum talatin da wani abu suka wayi gari ba su da ikon taɓa ƙungiyoyinsu, alhali 'yan Kano da Katsina suna canza 'yan wasa yadda suka ga dama. A 'yan kwanakin ne Cristiano Ronaldo ya buga wasansa na farko bayan komawarsa Manchester United, ranar 11 ga Satumba, ya ci Newcastle ƙwallo biyu. Masu sabis suka saye shi, marasa sabis suka ji a rediyo.

Sai ga abin da har yanzu in na tuna jikina yake sanyi. Wani ɗan'uwa daga Sabuwa ya riƙa shiga mota duk ranar Juma'a yana fita neman inda zai sami sabis, ta hanyar da kowa ya san ana tare mutane, don kawai ya canza kyaftin kafin a rufe ƙofa. Kuɗin motarsa na wata ɗaya ya fi abin da ya zuba a gasar. Da an ɗauke shi a hanya, me za mu gaya wa mahaifiyarsa? Mu ce ya tafi sayar da ɗan bayan Chelsea ne? Wani kuma ya aika wa ɗan baffansa a Kano lambobin sirrinsa ya kula masa, shi kuwa ya yi ta canje-canje har ya jawo masa asarar maki ashirin da huɗu a mako guda. Har yau akwai tsatsama tsakaninsu.

Yanzu ku zo, ku masu cewa wai Fantasi ilimi ce da lissafi, ba sa'a ba ce, saboda haka ba caca ba ce. Ga amsarku daga Faskari. Akwai wani a cikinmu da aka katse sabis kyaftin ɗinsa yana kan Mohamed Salah. Wata uku bai ga ƙungiyarsa ba, yana gona yana yankan dawa. A wannan lokacin ne Salah ya jera wasa 15 a Firimiya ko ya ci ko ya taimaka an ci, har da ranar 24 ga Oktoba da ya zura wa Manchester United uku a gidansu aka tashi 5 da nema, maki 48 ga wanda ya naɗa shi kyaftin. Da aka maido da sabis a Disamba, mu ne ma na ƙarshen samu, sai ga mai yankan dawa a matsayi na biyu, ya wuce masu kwana suna nazari. Maƙwabcinsa kuwa kyaftin ɗinsa ya maƙale a kan Romelu Lukaku, wanda daga 11 ga Satumba bai sake cin ƙwallo a Firimiya ba sai 26 ga Disamba. Duka biyun babu wanda ya taɓa waya. Ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa. Wannan wane irin ilimi ne? Kai ba ka buga ƙwallon ba, ba ka san wanda zai karye ba, ba ka san wanda kocinsa zai ajiye a benci ba. Kuma ko da akwai ɗan lissafi a ciki, ai ɗan karta ma yana lissafi, bai fitar da shi daga sunan ɗan caca ba.

Ma'anar caca a fili take, ba sai an je Madina ko Alƙahira ba: kowa ya zuba nasa, a rataya dukiyar a kan abin da ba a san yadda zai kasance ba, wani ya kwashe, sauran su yi asara. Wane ne daga cikin waɗannan babu a gasarmu? Allah Ta'ala ya haramta ta a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, a aya ta 91 kuma ya bayyana abin da Shaiɗan yake nema da ita: ƙiyayya tsakanin mutane da shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Ƙiyayyar kun ji kaɗan daga cikinta. Sallar kuwa, ku tambayi kanku ina kuke ranar Asabar lokacin La'asar da Magariba, ku da kuke da ɗan wasa a kowane fili, ba ma ƙungiya ɗaya ba.

Wasu za su ce ai kuɗin kaɗan ne, don dai a ƙara wa abin armashi. To in kaɗan ne, ku cire shi mu gani. Da bakinsu suke cewa in babu kuɗi babu mai tsayawa har ƙarshen kaka. Ashe ke nan kuɗin ne ran gasar. Wasu kuma su ce ai su ma masu wasan suna ba da kyauta. Malamai sun rarrabe tsakanin kyautar da wani na gefe ya sa daga aljihunsa da kuɗin da masu gasa suka tara don ɗayansu ya cinye. Naku na biyun ne. Hatta a ƙasashen da abin ya fito ba su gama yarda da shi ba. A Nuwamba 2015 babban lauyan Jihar New York ya umarci kamfanonin DraftKings da FanDuel, masu shirya Fantasi ta kuɗi, su daina karɓar kuɗin mutanen jihar domin a wurinsa caca ce, sai da majalisar jihar ta yi mata doka ta musamman a 2016. A 2023 kuma ƙungiyoyin Firimiya da kansu suka amince su cire tallar kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Masu abu suna jin kunyarsa, mu 'yan aro muna kare shi.

Saura laifina, kuma ba zan ɓoye shi ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Nuwamba, sabis yana katse, 'yan bindiga suka ɗauke ƙanen ɗaya daga cikinmu a gona. Iyayensa suka sayar da abin da suka noma, aka shiga karo-karo, kuɗi bai cika ba. Yayan yaron ya zo ƙofar gidanmu yana kuka. Ba ni da hanyar da zan ji ta bakin mutum arba'in. Na je har Katsina na ciro kuɗin gasar da ke hannuna na miƙa masa. Alhamdu lillahi yaro ya dawo. Na ɗauka in 'yan'uwa suka ji za su ce madalla. Da yawa sun faɗa. Amma ranar 22 ga Mayu 2022 da aka rufe kaka, tun kafin a yi sallar Isha'i wanda ya zo na ɗaya ya kira ni yana neman kuɗinsa. Da na tuna masa inda suka tafi, cewa ya yi shi bai sa ni ba, wata tara ya yi yana wahala. Zaure ya rabu biyu. Masu cewa a soke sakamakon saboda katse sabis, masu cewa doka doka ce. Aka kira ni ɓarawo a gaban mutanen da muka zauna a tabarma ɗaya muna karatu.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka kai wa wani malaminmu. Bai ba kowa gaskiya ba. Ya ce wa na ɗaya ba shi da haƙƙin komai sai dubu biyunsa, domin abin da aka ci ta caca ba ya zama halal. Ni kuma ya ce min amana na taɓa ba da izinin masu ita ba, kyawun niyya ba ya sauke bashi, sai in mayar wa kowa abin da ya zuba in ban da wanda ya yafe. Akasarinsu suka yafe, Allah ya saka musu. Sauran na biya su a hankali cikin wata huɗu. Wanda ya zo na ɗaya ya karɓi dubu biyunsa, kuma daga ranar ko a jana'iza muka haɗu kawar da kai yake yi.

To jama'a, mu da aka kwashe mana ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, mu da kusan kowane gida ya san zafin kuɗin fansa, mu ne muke da dubu tamanin ta rataya wa a ƙafar wani a Landan? Ashe muna iya haɗa mutum arba'in daga ƙananan hukumomi uku, mu yi rajista, mu naɗa ma'aji, mu bi lissafi mako 38 ba fashi. Wannan tsarin da an zuba shi a asusun taimakon wanda masifa ta faɗa wa a cikinmu, da ban taɓa amanar kowa ba ranar da aka zo ƙofata da kuka.

Kirana ga duk mai riƙe da irin wannan zaure shi ne, yau ɗin nan kafin ka kwanta, ka mayar wa kowa kuɗinsa. In za su ci gaba da wasan ba kuɗi, kuma bai hana su salla da neman na kansu ba, su da malamansu. In kuwa sun watse don an cire kuɗin, ka gode wa Allah da ya nuna maka abin da ya tara su tun farko. Kai kuma da aka turo wa lambar asusu, kada ka tura. Ni na ɗebo da zafi, bakina ya ƙone, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Allah ya yafe mana abin da ya wuce, ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.