Tace fina-finai da waƙoƙin Hausa: wa ke kare yaran da ke ƙetaren iyaka?

A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta sanar da dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, bisa zargin ana haska su ba tare da an kai mata ta tace ba. Daga Kano sanarwar ta fito, sai dai masu kallon waɗannan shirye-shirye sun wuce Kano nesa ba kusa ba. Da su ake hirar dare a Maraɗi da Damagaram, da unguwannin Hausawa na Garwa da Yawunde, da zangunan Kumasi da Akara, har zuwa Njamena da Sudan. Ga iyalai da dama a waɗannan wurare, fim da waƙa ne babbar hanyar da yara ke jin Hausa a wajen gida, domin a makaranta Faransanci ko Turanci ko Larabci ake yi.

Saboda haka tambayar abin da ya dace yaro ya kalla ta shafi waɗannan iyaye kai tsaye, alhali ba su da ta cewa a hukuncin da ake yankewa a Kano, kuma hukuncin ba ya aiki a ƙasashensu.

Shekaru fiye da ashirin ana dakatarwa

An kafa hukumar ta Kano a 2001, jim kaɗan bayan jihar ta rungumi shari'ar Musulunci. Tun daga lokacin manyan makamanta su ne lasisi da dakatarwa da gurfanarwa a kotu. An fi ganin tsananinta daga 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi shugabancinta. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya, a ƙarshen 2008 kuma aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama kan fim ɗin Tsintsiya. Abin da ya biyo baya shi ne 'yan fim da yawa suka tattara kayan aiki suka koma Kaduna, inda hannun hukumar ba ya kaiwa.

Wancan zamanin kaset da faifan sidi ne, lokacin da kama ɗan kasuwa ɗaya a Kano kan iya tsayar da fim kafin ya isa Zinder ko Marwa. Yau furodusa na ɗora shirinsa a YouTube, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 tana isa ƙasashe maƙwabta ta tauraron ɗan'adam, masu turin fina-finai a bakin kasuwa kuma suna cika wa yaro waya da kuɗi kaɗan. Waƙa takan bazu a TikTok tun kafin wani jami'i ya ji labarinta.

Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Najeriya, NBC, ta ga haka a watan Afrilun 2025, lokacin da ta hana gidajen rediyo da talabijin sanya waƙar Eedris Abdulkareem mai suna Tell Your Papa, wadda ke sukar halin matsin rayuwa a ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu. Hanin ya zame wa waƙar talla, jama'a suka yi ta nemanta a intanet.

Tarbiyya ko siyasa?

Misalin wannan waƙa ya fito da matsala ta biyu. Ikon da aka bai wa hukuma da sunan kare tarbiyya yakan koma hannun masu mulki su yi maganin masu sukarsu da shi. A 2019 an kama Naziru Sarkin Waƙa a Kano bisa zargin sakin waƙoƙin da ba a tace ba, a daidai lokacin da ake takun-saƙa tsakanin Gwamna Abdullahi Ganduje da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda mawaƙin ke kusa da shi. Mutane da dama sun ɗauki kamun a matsayin siyasa. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala saboda yi wa gwamnan shaguɓe.

A Nijar, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a watan Yunin 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Martabar manya da zaman lafiyar ƙasa wannan doka ta sa a gaba. Ba ta gaya wa uwa a Tawa ko shirin da 'yarta mai shekara tara ke kallo ya dace da ita.

Hanyar da ba a bi sosai ba

Masu kallon tashoshin Faransa ta Canal+ a Yamai ko Duwala sun saba da 'yar alamar da ke fitowa a kusurwar allo: -10, -12, -16, -18. Hukumar kula da talabijin ta Faransa ce ta kawo tsarin a 2002. Shirin yana nan, ba a hana shi ba. An dai sanar da iyaye shekarun da ya dace da su, an kuma ƙayyade lokacin da za a haska masu nauyi.

Amurka ta yi irin wannan muhawara kan waƙa a 1985, lokacin da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, da wasu matan manyan 'yan siyasa suka kai kuka kan kalaman batsa da tashin hankali. An yi zaman jin bahasi a majalisar dattawa, mawaƙa irin su Frank Zappa da John Denver suka yi adawa. Daga ƙarshe kamfanonin waƙa suka amince su riƙa manna alamar gargaɗi ga iyaye a jikin faifai, ba tare da an kafa dokar haramci ba.

Najeriya ma tana da irin wannan a rubuce. Hukumar tace fina-finai ta tarayya, wadda aka kafa da dokar 1993, tana rarraba fina-finai zuwa na kowa da kowa, da na kallo tare da iyaye, da na masu shekara 12 da 15 da 18. Ghana ta yi dokar rarraba fina-finai a 2016. Amma wanda ya buɗe fim ɗin Hausa mai dogon zango a waya ba kasafai yake ganin wata alamar shekaru ba, balle a waƙa.

Nan ne giɓin yake. Fina-finan Hausa na yanzu suna taɓo shaye-shaye da fyaɗe da daba da rikicin aure. Batutuwa ne da manya ke bukatar a tattauna, amma ba kowanne ne na ɗan firamare ba. Hukumar da ke da amsa biyu kacal, a haska ko a hana, ko dai ta tauye manya ko ta bar yara a sake.

Hujjar masu ja

Malamai da dama na cewa abin da ya haramta ya haramta ga babba da yaro, don haka manna wa baɗala lamba 18 tamkar halatta ta ne. Wannan magana tana da ƙarfi a kan batsa tsagwaronta, kuma babu abin da zai hana a bar wa kotu hurumin hukunta ta bisa doka bayyananniya. Sai dai mafi yawan abin da ake jayayya a kai bai kai can ba. Fina-finai 22 da aka dakatar, laifin da aka ambata musu na ƙin bin ƙa'idar tacewa ne.

Wasu kuma na cewa alama ba ta hana yaro kallo, wani lokaci ma ita ke jan hankalinsa, ga shi iyaye da yawa ba su yi boko ba, kuma waya ɗaya ce ke yawo tsakanin uwa da 'ya'yanta. Gaskiya ne, shi ya sa kwaikwayon tsarin Faransa kai tsaye ba zai wadatar ba. Gargaɗin da zai yi aiki a ƙasar Hausa shi ne wanda za a faɗa da baki, da Hausa, a farkon kowane kashi, tare da lamba da launin da za su tsaya a kusurwar hoton. Abin da aka ɗinke a jikin bidiyo yana bin sa duk inda aka tura shi, daga YouTube zuwa WhatsApp zuwa katin waya, daga Kano har Kumasi.

Wannan ba ya bukatar yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Hukumar Kano na iya mayar da alamar shekaru sharaɗin ba da shaidar tacewa. Ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, wadda ta nuna tana da ikon ladabtar da 'ya'yanta lokacin da ta kori Rahama Sadau a 2016, na iya wajabta wa mambobinta. YouTube ya riga ya bai wa mai ɗora bidiyo damar taƙaita shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama. Hukumomin sadarwa na Kamaru da Chadi da Nijar kuma na iya neman tashoshinsu na cikin gida su mutunta alamar wajen tsara lokacin haskawa.

Hausawan ƙetare suna da hanyar matsa lamba fiye da yadda ake zato. Kallonsu na cikin abin da ke kawo wa furodusoshi kuɗin talla a YouTube, kuma su ne ke cika filayen wasa idan mawaƙan Kano da Kaduna suka je Yamai ko Garwa ko Akara. Ƙungiyoyin iyaye da sarakunan zango da gidajen rediyon Hausa na waɗannan ƙasashe za su iya fara neman abu ɗaya daga masu shirya fim da waƙa: su faɗi shekarun da aikinsu ya dace da su kafin su sake shi.