Duniyar Dabbobi: In Gizo Ya Kwanta Rigingine

A Amurka da Turai akwai masu kiwon tarantula, wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, a cikin akwatin gilashi. Ɓawon jikinsa ba ya girma, don haka sai ya yi saɓa kamar maciji: ƙarami sau da yawa a shekara, babba kamar sau ɗaya.

In lokacin ya matso, yakan daina cin abinci na makonni. Daga nan ya saƙa shimfiɗa, ya kwanta rigingine. A nan sabon mai kiwo kan zaci ya mutu, ya jefar da shi da ransa. Alhali matacce yakan naɗe ƙafafu ne a ƙarƙashin cikinsa.

Kada a taɓa shi. A cire duk gyaren da ke akwatin, domin zai iya cizon sabon jikin mai taushi. A ajiye masa ruwa. Abinci kuwa sai bayan mako 1 zuwa 2, in fiƙoƙinsa sun yi ƙwari sun koma baƙi.

Sai mako mai zuwa.