Tankin Mai Na Ƙarƙashin Ƙasa Amana Ne

Ya ku malamai da attajirai, ku sani tankin fetur da ake binnewa a gidan mai sau da yawa ƙarfe ne, ƙarfe kuwa tsatsa tana cinsa. Idan ya huje, sai mai ya riƙa tsiyaya a ɓoye har ya riski rijiyoyin maƙwabta, ruwan sha da na alwala ya ɓaci. A shekarar 2015 mai ya bi ruwan ambaliya daga wani gidan mai a Akara ta ƙasar Gana, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka halaka.

To, wa zai biya irin wannan ɓarna? A shari'a wanda ya jawo ta shi ke lamuncewa, amma dukiyar mutum ɗaya ba ta isa. Don haka tun 1988 hukumar Amurka ta wajabta wa mai sayar da fetur ya nuna lamunin dala miliyan ɗaya saboda yoyon tanki, ya kuma riƙa gwada tankinsa.

Waɗansu suna gudun inshora saboda riba da garari, kuma tsoronsu yana da asali. Sai dai an fara takaful a Sudan tun 1979, hukumar NAICOM ma ta fitar da ƙa'idojinsa a Nijeriya a 2013. Uzuri ya yanke ke nan.

Mai gidan mai, ka sabunta lasisinka, ka kira masana su gwada tankinka, ka shiga takaful. Malamai, ku faɗakar a wajen wa'azi. Allah ya kiyashe mu da cutar da maƙwabci, amin.