Goma Bisa Goma? To, Faɗa Mana Dalili

Mu huɗu ne a ɗakinmu, kuma tun da muka shiga ajin ƙarshe ban taɓa jin an kalli fim an ba shi maki shida ba. Ko dai goma bisa goma, ko kuma a ce "sifili, asarar data kawai". Akwai ɗayanmu, ɗan Argungu, wanda in dai jarumin da yake so ya leƙo a fim, ko da sallama kawai ya yi ya fita, to goma ta tabbata. Ranar nan na tambaye shi abin da ya burge shi a wani fim da ya kwana yana yabo. Ya ce, "Kai dai bari, fim ɗin ya haɗu." Na ce ta ina ya haɗu? Sai ya harare ni ya ce, "Matsalarka ke nan, komai sai ka mai da shi furojet."

Na yi dariya, amma maganar ba ta bar ni ba, don ni ma da haka nake. Abin da ya sauya ni ba a aji na same shi ba, a bakin ruwa na same shi.

Hutun da ya wuce na je Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, wajen kawuna. Masunci ne, ya haura sittin, kuma in ban da rediyo babu abin da ya dame shi. Wata rana bayan isha'i na jingina waya a jikin buta na kunna wani fim, yaran gida suka kewaye ni. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba. A ciki jarumin ya fito a matsayin talaka masunci, aka nuno shi cikin kwalekwale yana tunanin budurwarsa. Kawu yana gefe yana ɗinkin taru, na ɗauka ma ba ya kallo. Sai na ji ya ce, "Ɗana, mai da shi baya." Na mayar. Ya duba ya ce, "Wanga yaro bai taɓa shiga ruwa ba. Dubi inda ya tsaya cikin jirgi, dubi riƙon filafilinsa. Kuma wa ke jefa birgi da agogo a hannu? In a ruwanmu ne, kafin ya yi jifa biyu ya kife." Yara suka fashe da dariya. Can gaba aka nuno tsohuwar da ta fito a uwar jarumin, magariba ta yi bai dawo ba, tana ta fita ƙofar gida tana leƙen hanya, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Kawu ya ajiye tarun. Ya ce, "Wagga ta iya. Haka Inna take yi, Allah ya jiƙanta."

Bai ba fim ɗin ko maki ɗaya ba, bai ma san ana yi ba. Amma a cikin minti biyar ya faɗi abin da ya lalace, ya faɗi abin da ya yi kyau, kuma kowanne ya nuna shi da yatsa, yadda in ka ga dama za ka koma ka duba ka ce ya yi daidai ko bai yi ba. Mu da muke shirin karɓar difloma, abin da muke iyawa shi ne "ya haɗu".

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai fim nishaɗi ne, ba jarrabawa ba. Na yarda nishaɗi ne. Sai dai nishaɗin nan ba kyauta ba ne. Duk wanda ya taɓa sayen data da kuɗin abincin rana don kada a ba shi labarin fitowar wannan makon ya san haka. Wanda ba shi da data kuma shagon masu turi yake zuwa, ya biya a cika masa waya, kuma me yake cewa a tura masa? Abin da ya ji ana cewa goma bisa goma a ɗakin kwana. Makin da ka bayar da wasa, aljihun wani yake taɓawa, da daren da ya kamata ya yi karatu.

Abin bai tsaya nan ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, harkar fim ɗin Hausa a kan kaset ta tashi, daga baya ta koma faifan CD, ana sari a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ana kai wa garuruwa. Wannan kasuwar ta mutu. Daga wajen 2020 zuwa yau, yawancin abin da muke kallo masu dogon zango ne, a YouTube ko a Arewa24. Shi furodusa a yanzu adadin masu kallo yake gani, da kuɗin talla. In ya ga an yi fitowa guda cur ana shiga mota ana fita, ana gaisuwa ana shan lemo, labari bai motsa ko taku ɗaya ba, amma masu kallo ba su ragu ba, kuma ko'ina yabo yake ji, don me zai wahalar da kansa? Mu muka ce masa hakan ya yi.

To tunda na buɗe baki, bari in sa nawa a faranti, kowa ya samu abin sara.

Labarina na Aminu Saira, zangunan farko, na ba su takwas. Hoto a tsabtace, murya tana fita, ba ka jin iska tana kaɗa makirufo kamar finafinan da muka taso da su. Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Baba Ɗan Audu ne, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito. Babu unguwar da ba ta da irinsa, dattijon da ba ya jin kunyar neman na cefane ta kowace hanya, yana ba ka haushi kana dariya. In ya shigo fitowa, ba ka jin kamar haddar rubutu yake karantowa. Da aka koma labarin Mainasara kuwa, shida na bayar. Sadiq Sani Sadiq ya iya riƙe fuska, ya iya yin shiru inda wani zai yi ta ihu, wannan na yaba. Sai dai mai kuɗin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gwada masu son sa tsohuwar tatsuniya ce, tun daga farko ka san inda za a sauka, kuma an ja hanyar fiye da kima.

Izzar So na ba shi biyar, kuma na san akwai waɗanda ba za su gaishe ni ba gobe a bakin laburare. Ba na raina aikin Lawan Ahmad, riƙe masu kallo fitowa sama da ɗari ba wasa ba ne. Matsalata da Umar Hashim ce: ya cika kirki har ya daina kama da mutum. Ba ya kuskure, ba ya rasa amsa, kullum shi ke da gaskiya. Ni kuwa in na san jarumi ba zai taɓa faɗuwa ba, gabana ba ya faɗuwa dominsa. Sannan sau da yawa darasin da ya kamata labari ya nuna mana, sai a tsayar da mutum ya karanto mana shi kamar lakca. Lakca kam muna sha tun ƙarfe takwas na safe.

Gidan Badamasi takwas, ba tare da dogon bayani ba: dariyar daga abin da muka sani take fitowa, uba mai dukiya da tarin 'ya'ya kowa ido a kan rabonsa. Kwana Casa'in kuma na sake bin zangon farko a hutun nan, na ba shi tara. Alfawa jiha ce ta ƙirƙira, amma duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati, ko ya ga yadda ake rabon atamfa da taliya kafin zaɓe, ya san garin. Maki ɗayan da na cire na wuraren da aka sa soyayya ta shiga inda ba a gayyace ta ba ne. Su kuwa finafinan Indiya-Hausa, in za mu faɗi gaskiya, makin da muke ba su na mai fassara ne, ba na fim ɗin ba. Cire muryar ka gani ko za ka kai rabi.

Waɗannan lambobin ba wahayi ba ne. In ka ce Izzar So tara ne a wajenka saboda shi ne fim ɗin da kake iya kallo tare da mahaifiyarka ba ka sunkuyar da kai ba, wallahi na karɓa, dalili ne mai ƙarfi, har ma zan iya ƙara masa ɗaya saboda shi. Abin da ba na karɓa shi ne lamba tsirara. Kuma ni ma ba tsira na yi ba. Akwai fim ɗin da na taɓa ba wa biyu, da na zauna na binciki kaina sai na ga ba fim ɗin ne ya yi min laifi ba, jarumar ce ba ta kwanta min ba saboda wata hira da na ji ta yi. Wannan ba sharhi ba ne, son zuciya ne.

Mafi ban mamaki shi ne abin da ya faru da Mai Martaba. A 2024 aka zaɓe shi ya wakilci Najeriya a gasar Oscar ta Amurka, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, Prince Daniel ya ba da umarni, Adam A. Zango yana ciki. Abin alfahari ne, ni ma na ji daɗi. Amma a makon da labarin ya fito, mutum uku a layinmu suka ba shi goma bisa goma. Na tambaye su a ina suka kalla. Ashe tallarsa kawai suka gani. Ɗaya kuma ya ba shi sifili, wai ai ba 'yan Kannywood na asali suka shirya ba. Shi ma bai kalla ba. Mutum huɗu, maki huɗu, babu wanda ya ga fim.

Abin da ya fi ci min rai a wannan ɗabi'ar shi ne abin da take hana mu nema. In kullum gidan sama, da mota mai baƙin gilashi, da Alhaji da Hajiya a falo su ne goma, yaushe wani zai ɗauko kyamara ya nufo wajenmu? Ga labarai nan zube a ƙasar Yauri. Da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968, mutane fiye da 40,000 aka tayar daga gidajensu. Tsohuwar Bussa ta tafi ƙarƙashin ruwa, Gungawa suka bar tsibiran da kakanninsu suka zauna suka koma tudu, cikin gidajen da ba su suka zana ba. Har yanzu akwai tsofaffin da in kun shiga jirgi za su nuna maka wani wuri a tsakiyar tafki su ce nan ne garinmu. A ce wannan bai isa fim ba? Ga Rigata da ake yi a Yauri, tseren jirage da ninƙaya, jama'a cike da gaɓa. Ga kasuwar kifi da ta albasa a Yelwa, ga Kambari da Shangawa da al'adunsu. Ga kuma ranar da ba ma son tunawa, a watan Mayun 2021, da jirgi ɗauke da mutane fiye da ɗari ya nutse kusa da Wara. Ina da shekara goma sha takwas lokacin, na ga mata a bakin ruwa suna jira kwana da kwanaki. Tsohuwar nan ta cikin fim da ta sa kawu ya ajiye taru, kaɗan daga wannan jiran ta taɓo, shi ya sa ya gane ta.

Ba ina cewa kowane fim sai ya zama tarihi ba, ko kuwa duk wanda ya riƙe filafili a karkace fim ɗinsa ya mutu. Fim ɗin da muka kalla a Wara ma, duk da kwalekwalen, shida na ba shi, kuma huɗu daga ciki na tsohuwar ne. Amma da masu kallo suna faɗin irin abin da kawu ya faɗa, da darakta na gaba zai ɗauki masunci ɗaya ya biya shi kuɗin yini ya koya wa jaruminsa tsayuwa a jirgi. Bai kai kuɗin hayar motar da ake nunawa ba.

Shawarata ga masu shirya wannan mujallar ita ce a ware shafi ɗaya a kowace fitowa don sharhin fim, kowane ɗalibi ya iya aikowa, da sharaɗi biyu: sai ka kalli abin har ƙarshe, kuma kowane maki ya zo da fitowa guda da za ka nuna ka ce ga inda ya samu, ko ga inda ya rasa. Na gaya wa ɗan Argungu, ya ce shi zai fara aikowa, kuma goma zai bayar ko zan mutu. Na ce ya bayar, amma ya rubuto layi biyar a ƙarƙashinta. Yau kwana uku ke nan takardar tana kan katifarsa, ya rubuta layi biyu.