Tsadar dala da dako na shaƙe ƙananan masu turare a Wurma

Matakai biyu na 2023 ne suka sauya farashin kwalbar turare a Wurma da ke Ƙaramar Hukumar Kurfi: cire tallafin fetur a watan Mayu, da sakin naira a watan Yuni, abin da ya kai dala daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Farashin man turaren Dubai yana bin dala, kuɗin dako daga Kano zuwa Dutsin-Ma kuwa yana bin fetur.

Sai dai turare ba abinci ba ne: in ya yi tsada, mai saye haƙura yake yi. Shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa ke rage girman kwalba, ko ya cinye jarinsa. Mafita mafi kusa ita ce su haɗa kai wajen sari da dako.